Haramtattun kaya a wurin Kwastam: abin da doka ta hana, da wanda ta gindaya wa sharaɗi

Duk wanda ya ratsa kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi, ko Babbar Kasuwar Gombe, zai ga dilolin gwanjo a buɗe, tayoyi na hannu a jere, a wasu shagunan har da buhunan shinkafa 'yar waje. Da rana tsaka ake ciniki, babu mai ɓoyewa. Irin waɗannan kayan ne kuma jami'an Kwastam ke baje wa 'yan jarida lokaci zuwa lokaci, su ce sun kama su a hanya. Shi ya sa tambaya ɗaya ta ƙi ƙarewa a bakin 'yan kasuwa da direbobi: in an hana, me ya kawo shi kasuwa? In ba a hana ba, don me aka ƙwace na wane?

Ruɗanin ya ƙaru a watan Satumba na 2025, lokacin da Hukumar Kwastam ta fara aiki da sabon tsarin yafe kuɗin fito ga kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, ko matafiyi ne ya riƙo su ko kamfanin aika saƙo ne ya kawo. Mutane da dama sun ɗauka an buɗe ƙofa ke nan ga duk wani ƙaramin kaya. Ba haka sanarwar ta ce ba. Rangwamen bai shafi kayan da aka haramta ko aka taƙaita shigo da su ba, kuma sau huɗu kacal mutum zai ci moriyarsa a shekara.

Tushen matsalar yana cikin kalmar da muke amfani da ita. Da Hausa "haramtaccen kaya" muke ce wa komai, alhali a takardun Kwastam hukunce-hukunce ne daban-daban, kowanne da dalilinsa da mafitarsa. Haramcin da ake magana a nan kuwa na dokar ƙasa ne, ba na addini ba. Kaza halal ce a ci, amma shigo da ita daga waje laifi ne.

Abin da babu takardar da za ta halatta shi

Jeri na farko shi ne na haramci kwata-kwata. Babu lasisi, babu biyan haraji, babu alfarmar da za ta sa kayan da ke cikinsa su shigo bisa doka. Akwai jabun kuɗi da jabun kaya, bindigogin da aka ɓadda kamanninsu, kayan cika harsashi, hotuna da littattafan batsa, sharar masana'antu mai guba, ashanar da aka yi da farin sinadarin fosfaras, da abincin da jami'in lafiya ya ce bai dace mutum ya ci ba.

Jerin tsoho ne, kuma shekarunsa na nunawa. Har yau akwai wuri, wato kuɗin gargajiya na da, a ciki, da mundayen tagulla waɗanda aka taɓa ciniki da su a kudancin ƙasar nan, domin Turawan mulkin mallaka sun hana shigo da su ne lokacin da suke son kuɗinsu ya maye gurbin na gargajiya. Akwai kuma wani abu da masu dawowa daga Umara ba su cika sani ba: yadi da tufafin da aka rubuta ayoyin Alƙur'ani ko hadisi ko tafsiri a jikinsu, da harafin Larabci ko na boko, suna cikin jerin.

Abin da ya fi shafar talaka a nan shi ne gwanjo. Tufafin da aka riga aka yi amfani da su suna cikin wannan jeri mafi tsanani, kusa da sharar guba da jabun kuɗi. Dalilin da hukuma ke bayarwa shi ne kare lafiya, sai kuma kare masaƙun cikin gida. Saboda haka dilar gwanjon da aka kwance a kasuwa, in daga waje ta zo, ba ta hanyar doka ta shigo ba, ko da ta wuce hannu biyar kafin ta iso Bauchi. Wannan bai shafi kayan sawar matafiyi da ke cikin akwatinsa ba. Dilar sayarwa ake nufi.

Abin da aka hana don a saya a gida

Jeri na biyu ya fi tsawo, kuma shi ne ke sauyawa. Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ce ke tsara shi cikin manufofin haraji, Kwastam aiwatarwa take yi. Yawancin kayan da ke ciki ba su da wata illa a karan kansu. An hana shigo da su ne don a tilasta wa kasuwa ta koma ga na gida.

A jerin da aka yi aiki da shi a 2025, a ɓangaren abinci akwai kaji, masu rai ko daskararru, naman shanu da na alade, ƙwai in ba na ƙyanƙyasa ba, tataccen man girki, taliya, lemon kwali, ruwan roba, da sukari da tumatirin gwangwani waɗanda aka ƙulla don sayarwa ɗai-ɗai. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana da muhimmanci. Kamfani na iya shigo da ɗanyen sukari ko markaɗaɗɗen tumatir a manyan ganguna ya sarrafa a nan, abin da aka hana shi ne wanda ya zo a shirye don kanti. Haka man zaitun ba ya cikin man da aka hana.

Sai siminti na buhu, takin zamani nau'in NPK, sabulu da garin wanki, maganin sauro na kunnawa, kafet, biro, littattafan rubutu na 'yan makaranta, takalma da jakunkuna da akwatuna, ban da takalman wasanni da na kariya a wurin aiki. Akwai magungunan yau da kullum irin su farasitamol, asfirin, kulorokwin da ruwan ƙarin da ake ɗaura wa marar lafiya. Akwai tsofaffin tayoyi, tsofaffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki, da motar da ta wuce shekara 12 da ƙerawa. A da shekara 15 ne, aka rage.

In aka dubi jerin da idon mutumin wannan yanki, za a ga inda kowace ƙa'ida ta sauka. Hana simintin buhu ya bar kasuwa a hannun masana'antu irin ta Ashaka da ke jihar Gombe. Hana takin NPK ya tafi tare da shirin haɗa taki a cikin gida da aka ƙulla da Maroko a ƙarshen 2016, wanda kamfanin takin Bauchi ya shiga cikinsa. Hana kaji daskararru shi ne garkuwar masu gidajen kaji. Idan Kwastam ta kama irin waɗannan kaji, binne su ake yi, ba a gwanjonsu, domin babu wanda zai iya tabbatar da yadda aka adana su a tsawon tafiyar daji.

Abin da ke buƙatar takarda

Akwai kaso na uku wanda shi ne ya fi kama mutanen da ba su da niyyar karya doka. Kayan halal ne a shigo da su, amma sai da izinin wata hukuma kafin su taso. Abinci da magani da kayan kwalliya na NAFDAC ne. Kayan lantarki da sauran kayan masana'anta suna buƙatar shaidar inganci ta SONCAP, wadda ake samu tun a ƙasar da aka sayo su. Iri da tsirrai da dabbobi na hukumar killace kayan gona ne. Jirgi maras matuƙi, irin wanda masu ɗaukar hoton biki ke sha'awa, da rigar sulke da yadi mai kalar kakin soja, sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Matashin da ya yi odar irin wannan jirgi ta intanet ba tare da takardar ba, kayansa na iya maƙalewa a Legas ko Kano ko da ya shirya biyan haraji.

Tiramadol ma a nan yake. Mai ƙarfin miligiram 50 da 100 magani ne da likita ke rubutawa, mai lasisi ke shigowa da shi. Mai 200 ko 225 ba a yarda da shi ba sam, kuma wanda aka kama da shi hannun NDLEA ake miƙa shi. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi tun watan Mayu na 2018.

Ga mai shigo da kaya na kasuwanci, akwai Fom M da ake buɗewa ta banki kafin a ɗora kaya a jirgi, sannan Kwastam ta fitar da rahoton ƙiyasin haraji. A wannan mataki ne ake gane ko kaya na cikin wani jeri. Wanda ya fara sayen kaya sannan ya nemi ejan daga baya, ya juya tsarin ne, kuma kuɗin ajiya a tashar jiragen ruwa kullum ƙaruwa yake yi.

Shinkafa da mota: laifin a hanya yake

Shinkafa ba ta cikin jerin kayan da aka haramta. Abin da aka hana shi ne shigo da ita ta iyakokin ƙasa, tun watan Maris na 2016. Ta tashar jiragen ruwa ana iya kawo ta a biya haraji mai nauyi. Haka motoci: daga 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da su ta ƙasa, sabbi ko tsofaffi. Wannan ne ya karya cinikin 'yan Kwatano da ya ciyar da dillalai da direbobi masu yawa a Arewa.

Dalilin wannan bambanci shi ne yadda fasa-ƙwauri ke aiki. Harajin shinkafa a Jamhuriyar Benin bai kai na Najeriya ba, sai 'yan kasuwa su sauke ta a Kwatano da sunan ta Benin ce ko ta Nijar, alhali turararriyar shinkafa mutanen Najeriya ne manyan masu cin ta. Daga nan a biyo da ita ta ɓarauniyar hanya, a kan babur ko ƙananan motoci. Don toshe wannan ne gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, lokacin Kanar Hameed Ali mai ritaya, ɗan asalin Dass, yana shugabancin Kwastam. Sai a Disamban 2020 aka fara buɗe wasu, ciki har da Maigatari da Illela. Buɗewar ba ta ɗage dokar shinkafa ba.

Akwai wasu sanarwa biyu da har yanzu ake kafa hujja da su a kasuwa bisa kuskure. Ta farko ta Babban Banki ce. A 2015 bankin ya hana ba da dala a farashin gwamnati ga masu shigo da kaya 41, daga baya suka zama 43, shinkafa na ciki. A Oktoban 2023 ya janye wannan taƙunƙumi, mutane suka ce an halatta shinkafa. Abin da aka janye batun samun dala ne kawai, jerin Kwastam yana nan yadda yake. Ta biyu ita ce yafe haraji na kwana 150 da aka sanar a Yulin 2024 kan masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Wannan na wucin gadi ne, kuma an tsara shi don manyan kamfanoni masu injinan sarrafawa, ba don mai ɗauko buhu goma daga Maraɗi ba.

Jihar da ba ta da iyaka da wata ƙasa

Bauchi da Gombe ba su yi iyaka da kowace ƙasa ba. Duk da haka a Bauchi hedikwatar shiyya ta huɗu ta Kwastam take, wadda ake kira shiyyar D, tare da rundunar sintirinta ta tarayya, ban da ofishin yanki mai kula da jihohin biyu. Taswira ce ta jawo haka. Kayan da suka shigo daga Kamaru ta Adamawa da Taraba, ko daga Nijar ta Yobe da Jigawa, in za su gangara Jos da Abuja ko su nufi Kano, da yawansu hanyoyin Gombe, Darazo, Azare ko Ningi suke bi.

A nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa. Matsayin hukuma shi ne kayan fasa-ƙwauri ba sa zama halal don sun tsallake iyaka, kuma doka ta ba jami'anta ikon tsayar da mota da binciken rumbun ajiya a ko'ina cikin ƙasa. Dokar da ake aiki da ita yanzu ta 2023 ce, wadda ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1958. A ƙarƙashinta ba kaya kawai ake riƙewa ba, har motar da ta ɗauko su.

'Yan kasuwa kuma suna cewa wanda ya sayi kaya a Kano ko Maiduguri da kuɗinsa, a bainar jama'a, ba shi ne ya tsallako da su ba, kuma bai kamata gazawar da aka yi a bakin iyaka ta faɗa kansa a tsakiyar ƙasa ba. Wannan hujja ta taɓa samun gindin zama a Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna, wadda ta umarci a mayar wa wani ɗan kasuwa shinkafa da geron da aka kama masa a hanyar Kaduna zuwa Zariya, bisa cewa a kasuwa ya saya. Sai dai kamen ya faru ne kafin dokar 2023, kuma hukuncin bai hana sintiri ci gaba ba.

Abin da ke fitowa fili shi ne nauyin hujja a aikace yana kan wanda kaya ke hannunsa. Ga mota, takardar biyan kuɗin fito ita ce komai, kuma lambar jikin motar dole ta yi daidai da wadda ke takardar. Ana iya zuwa ofishin Kwastam a tantance kafin a biya dillali. Ga sauran kaya, rasit mai sunan shago da kwanan wata ba ya halatta haramtaccen abu, amma shi ne ke raba mai saye da mai fasa-ƙwauri idan magana ta je gaban alƙali. Shari'ar Kwastam ta Babbar Kotun Tarayya ce, kuma akwai ta a Bauchi da Gombe. Sai kotu ta mallaka wa gwamnati kaya kafin a yi gwanjonsu, ta shafin hukumar na intanet. Masu tallan "motocin gwanjon Kwastam" a Facebook da WhatsApp, suna neman a tura kuɗi asusun wani mutum, hukumar ta sha nesanta kanta da su.

Fita ma da nata jerin

An fi maganar shigowa, amma ga yankin noma da kiwo jerin fitarwa ya fi kusa da aljihu. An hana fitar da masara, katako, ɗanyen kirgi da fatar da ba a gama jemewa ba, tsofaffin ƙarafa irin na 'yan jari-bola, kayan tarihi, da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa da duk wani sashe na jikinsu. Hauren giwa, fatar kada ko ta damisa, ɓawon dankunya, duk suna ciki, kuma yarjejeniyar duniya ta CITES ta sa ƙasar da aka kai su ma za ta kama. A jihar da Yankari take, wannan ba labarin nesa ba ne. Ko jaka ko takalmin fatar kada da aka saya don tsaraba yana iya jawo wa matafiyi tsaiko.

Hatsi kuwa akwai wata dokar ta 1989 da ta hana fitar da wake, masara, shinkafa, rogo da doya. An daɗe ba a tsananta ta ba, sai da tsadar abinci ta yi ƙamari a farkon 2024 aka shiga tare tireloli masu nufar iyaka. Koken dillalan hatsi ya yi yawa, har a watan Maris na shekarar shugaban Kwastam Bashir Adewale Adeniyi ya sanar da umarnin shugaban ƙasa na mayar da hatsin ga masu shi, bisa sharaɗin a sayar a kasuwannin cikin gida. Ga dillalin Tudun Hatsi a Gombe, ma'anar ita ce lodin da ya nufi garin da ke bakin iyaka yana buƙatar shaidar inda za a sauke shi. A Agustan 2025 kuma aka sanar da dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida, don a riƙa tatsar man a gida. Farashinsa ya faɗi nan take, kuma matan karkara masu tsintarsa ne suka fara ji a jikinsu.

Wani lokaci kuma ƙasar da za a kai kayan ce ke rufe ƙofa. Tarayyar Turai ta dakatar da karɓar busasshen wake daga Najeriya tun 2015, saboda yawan maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu. Abin da ake yi a sito a Gombe ko Azare shi ne ya rufe kasuwa a Turai.

Jakar matafiyi

Maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na Lawanti dokoki uku yake fuskanta, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Akwai ta Kwastam ɗin Najeriya, akwai ta kamfanin jirgi, akwai ta ƙasar da zai sauka. Batun ruwa ko turaren da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, da dokar cewa batirin cajin waya a hannu ake riƙe shi ba a sa shi cikin kayan awo, duk na tsaron jirgi ne, ba ruwan Kwastam. Hana cusa zamzam cikin akwati ma daga nan ya fito, shi ya sa ake ba alhazai nasu mai lita 5 daban.

Ta ɓangaren Kwastam, abu biyu ne ke jawo magana. Na farko yawan kaya. Takalmi ƙafa biyu da jaka ɗaya kayan mutum ne. Dozin uku iri ɗaya kayan kasuwa ne, kuma takalma da jakunkuna suna cikin jeri na biyu. Hajiyar da ta saba haɗa ibada da ɗan sari daga Makka ko Dubai, a nan take tsayawa, kuma jami'in da ke gabanta ne ke yanke ko tsaraba ce ko haja. Rashin wani adadi da kowa ya sani shi ne ke buɗe ƙofar jayayya. Iyakar dala 300 ta rage wannan gibi ta fuskar daraja, ba ta rufe shi ba.

Na biyu kuɗi. Ba laifi ba ne mutum ya fita ko ya shigo da kuɗi masu yawa. Laifin shi ne ƙin bayyanawa. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa duk mai ɗauke da abin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu a wani kuɗin, ya cike takarda a wurin Kwastam. Bayyanawar kyauta ce, ba a cire ko sisi. Wanda ya ɓoye aka gano, yana iya rasa kuɗin, ko ya sha ɗaurin da bai gaza shekara 2 ba, ko duka biyun. Da yawa suna ɓoyewa ne don tsoron kada a san abin da ke jikinsu, sai tsoron ya kai su ga asarar da suke gudu. Saudiyya ma tana da tata ƙa'idar bayyana kuɗi da gwal.

Dokar ƙasar da za a sauka ita ce ba ta da sassauci. Ingila ba ta yarda matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama ko kayan madara ba, don haka kilishi da dambun nama da man shanu a filin jirgi za su tsaya. Amurka na buƙatar a bayyana duk wani abinci, kuma tara tana kan wanda ya ɓoye, ba wanda ya nuna aka karɓe ba. Hukumar alhazai ta ƙasa kuwa duk shekara tana gargaɗin maniyyata kan goro da magungunan da babu takardar likita. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da maganinsa a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar asibiti.

Mafi haɗari shi ne saƙo. Kowa ya san yadda ake yi a sansanin alhazai: "Hajiya, don Allah ki taimaka mini da ɗan ƙullin nan, ɗana zai karɓa a Makka." A al'adarmu ƙin karɓa abin kunya ne. A dokar Saudiyya kuwa abin da ke cikin jakarka naka ne, kuma hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa. An zartar da shi kan wata 'yar Najeriya a watan Afrilun 2019. A wannan watan ne aka sako wata ɗaliba daga Kano bayan ta shafe watanni a tsare, lokacin da bincike ya nuna wasu ne suka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba. Shi ya sa ƙirga jakunkuna da duba lambobin awo da aka manna a tikiti ba ƙaramin abu ba ne.

Masu kare tsarin da masu sukarsa

Ƙungiyar masu masana'antu da manoman shinkafa da masu kiwon kaji suna ganin in babu wannan katanga, ba za su iya gogayya ba. Hujjarsu ita ce mai sarrafa kaya a nan da janareto yake aiki, da bashin banki mai tsada, alhali abokin takararsa a Indiya ko Tailan yana samun tallafin gwamnatinsa. Suna nuna injinan casar shinkafa da suka yawaita a Arewa bayan 2015, da noman rani a Dadin Kowa da fadamun Jama'are, da yadda Najeriya ta daina dogaro da simintin waje.

Masu suka, ciki har da Bankin Duniya, suna cewa mai saye ne ke biyan kuɗin katangar. Idan abin da ake samarwa a gida bai wadatar ba, hani ba ya kashe buƙata, sai dai ya tura ta ɓarauniyar hanya. Kayan su shigo duk da haka, gwamnati ta rasa harajin da za ta karɓa, farashi ya ɗauki kuɗin kasada da na shingaye. Suna ba da shawarar a maye gurbin hani da haraji, tunda ƙasashen ECOWAS sun riga sun amince da tsarin haraji na bai-ɗaya mai hawa biyar, daga sifili zuwa kashi 35 cikin ɗari, wanda ya fara aiki a 2015. A Afrilun 2025 ofishin kasuwanci na Amurka ma ya soki haramcin da Najeriya ta sa wa rukunin kaya 25, ko da yake wannan suka ce ta mai neman kasuwa.

Duka ɓangarorin suna da inda suka yi gaskiya, kuma jerin ba abu ɗaya ba ne da za a yanke masa hukunci ɗaya. Inda masana'antar gida ta tashi ta cike gurbi, kamar siminti da taliya, fasa-ƙwaurin ya ragu, muhawarar ta koma kan farashi. Inda gurbin bai cike ba, hanin ya zauna a takarda kawai. Gwanjo ne babban misali: masaƙun Kaduna da Kano da aka ce ana karewa yawancinsu sun rufe tuntuni, an ma cire sabon yadi daga jerin, amma tsohuwar riga tana nan a jerin haramci kwata-kwata. Tsofaffin tayoyi kuma hujjar hana su ta tsaron rai ce, kuma tana da ƙarfi, sai dai direban haya da ke bin hanyar Bauchi zuwa Gombe yana sayensu ne don kuɗin sabuwa ya fi ƙarfinsa.

Asarar kame ba ta rabuwa daidai. Babban mai shigo da kaya yana da ejan da lauya, kuma ya riga ya sa yiwuwar kame cikin lissafinsa. Ƙaramin ɗan kasuwar da ya haɗa jari da adashi ya sari dila biyu, da direban da aka ba shi lodi a tasha bai kwance ya duba ba, su ne kame ɗaya ke iya tsayar da sana'arsu. Ga direba musamman, motar da aka riƙe tana iya shafe watanni a harabar Kwastam kafin kotu ta saurari maganar, ko da daga ƙarshe an tabbatar kayan ba nasa ba ne, kuma a duk tsawon lokacin mai motar yana jiran balas.